Bindigar da Na Zaɓa wa Jikata

Ni 'yar maharbi ce. Saboda haka aka saka ni cikin wannan magana, kuma har yau ban tabbata an yi daidai da aka saka ni ba.

A lokacin ina shekarata ta uku a Germantown, can ƙasar Turawa, a gidan ɗana, hawa na biyu, inda tagar ɗakina ke kallon wurin ajiye motoci. Ɗana ma'aikacin jinya ne, matarsa ma haka, wannan ya shigo wancan ya fita. Mu biyu muka fi zama a gidan, ni da babbar 'yarsu, wadda nake kira ƙawata. Shekarunta ashirin da ɗaya a lokacin, tana karatu a kwaleji. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai ta haɗa da Turanci, in tsinci nawa in bar mata nata.

Wata rana da la'asar ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce, "Kaka, ina yin harbi."

Na ce, "Harbin me?"

Sai ta nuna mini a waya. Fili ne mai ciyawa, mutane a jere, kowa da abin toshe kunne. Wani inji yana cilla ɗan faranti na yumɓu, mai launin ruwan lemo, bai wuce tafin hannu ba. Ya tashi sama, a harbe shi, ya watse. Na jira in ga abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo baya, sai aka sake cilla wani.

Na ce, "To, ina naman?"

"Babu nama, Kaka. Gasa ce. Wanda ya fi fasawa shi ne na ɗaya."

"Farantin kuma daga ina?"

"Saya ake yi."

"A saya a fasa?"

"E, Kaka."

Na daɗe a duniya, na ga an fasa tukunya don fushi, na ga an fasa don ganganci, amma ban taɓa ganin an fasa abu an tafa wa mutum ba. Ashe ta shekara guda tana zuwa wurin, da bindigar aro ta ƙungiyarsu, wadda ta yi mata tsawo har tana bar mata tabo a kafaɗa. Yanzu mai koya musu ya ce hannunta ya faɗa, za ta iya shiga gasa idan sanyi ya fara, amma sai da tata bindigar. Abin da ya sa ta zo wurina ke nan kafin ta je wa ubanta.

Ɗana bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da ya fi mini sauƙi. Cokali kawai ya ajiye, ya ce, "Ƙarar wannan abu ce ta sa na bar gida." Kafin ya zo ƙasar nan ya yi aiki a ɗakin da ake kai waɗanda aka harba. Abin da ya gani nasa ne, ba zan faɗa a madadinsa ba. Kwana uku suna magana su daina, su sake ɗauka. A rana ta huɗu ya kira mu falo, ya zayyana sharuɗansa. Bindiga za ta zauna a akwatin ƙarfe mai makulli. Harsashi ba zai kwana a gidansa ba. Da kuɗin da ta tara a aikin hutu za ta saya, shi ba zai sa ko sisi ba. Kuma sau ɗaya ne.

Ya ce, "In kin saya ta ba ki kunya, a sayar da ita a rufe maganar, harbin ma ki bar shi. Ba zan zauna ina kallon karatunki yana bin bindiga shagon gyara ba."

Ta ce ta yarda.

Sai ya juyo wurina. "Mama, ki raka ta. Ke kika san bindiga. Ni ban sani ba, ba na kuma so in sani."

To, me na sani? Na san bindigar Babanmu, doguwa, ta toka, wadda maƙerin ƙauyenmu ya ƙera. A ɗura albarushi ta baki, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a koma gefe a sake ɗuri. Na san yadda Baba yake zama a kan turmi ranar da zai fita, ya ɗora ta a cinya, ya lakato man kaɗe, ya murza a tafinsa har ya narke, ya bi ta da shi lungu-lungu da gashin kaza. Ni ce mai riƙe masa kwalbar man. Yana cewa ƙarfe ma yana jin ƙishi. Iyakar sanina ke nan, kuma da shi na shiga mota.

Shagon yana can gaba, an ɗan yi tafiya a babban titi. Da muka shiga sai ƙafata ta tsaya da kanta. Bindigogi a bango tun daga ƙasa har sama, a jere kamar rake a kasuwa. Mai shagon wani tsohon Bature ne mai farin gemu, yana jan ƙafa ɗaya. Ƙawata ta gaya masa abin da take nema, yana magana tana juya mini.

Ta ce irin wadda take so ita ce mai ɗura wa kanta. Ka harba, ta tofar da kwanson harsashin, ta jawo na biyu da kanta, saboda a gasarsu wani lokaci faranti biyu ake cillawa a tare.

Na ce, "Wa ke cikinta da yake yin ɗurin?"

"Ba kowa, Kaka. Iri biyu ne. Wata hayaƙin harbin ne yake tura ƙarfen ciki. Wata kuma naushin da take yi wa kafaɗa ne yake tura shi."

"Wacce ta fi?"

Ta tambayi tsohon. Ya yi magana mai tsawo, yana kwatance da hannu. Ta ce wai mai hayaƙi ta fi tausayin kafaɗa, amma tana datti, sai ana yawan wanke ta. Mai naushi ba ta datti sosai, amma tana duka, kuma in harsashi mara ƙarfi ne takan ƙi jawo na biyu.

Na ce, "Na ji halin kowacce. Na ce wacce ta fi?"

Ta sake tambaya. Ya ɗaga kafaɗa. Wai ya danganta.

Ni dai a ƙauyenmu in ka tambayi maƙeri wacce fartanya ta fi, ɗauka yake ya miƙa maka. Wannan kuwa kowace tambaya sai ya haifa mata 'ya'ya biyu. Tsawon baki nawa? Nauyi nawa? Ta itace ko ta roba? Ƙawata tana ɗagawa tana sa wa a kafaɗa, tana leƙa ɗan katin da ke rataye a jiki, tana mayarwa a hankali. Na lura waɗanda idonta ya fi daɗewa a kansu su ne take saurin mayarwa. Daga ƙarshe biyu suka rage a kan tebur, su ne aljihunta zai iya ɗauka. Ɗaya sabuwa fil, mai naushi, tana ƙyalli, daga wani kamfani da shi kansa tsohon ya ce bai daɗe da saninsa ba. Ɗaya kuma ta hannu, mai hayaƙi, itacenta ya koɗe daidai inda kumatu ke kwanciya.

Ƙawata ta ce, "Kaka, ke fa aka aiko."

Na nemi izini, tsohon ya buɗe kowacce ya nuna mini babu komai a ciki. Na ɗauki sabuwar na shinshina, ban ji komai ba sai warin kwali. Na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Na ɗauki tsohuwar, na ji ta zauna a hannu. Ban san abin da nake nema ba, amma na ga Baba yana yin haka, kuma mutane suna kallona.

Na ce, "Tambaye shi, mai wannan me ya sa ya sayar?"

Tsohon ya yi dariya, ya ce rabon da a yi masa wannan tambaya an daɗe. Wai mai ita abokinsa ne, shekara da shekaru yana gasa da ita, idonsa ne ya raunana ya ajiye.

"Ba faɗa suka yi da ita ba?"

"A'a, Kaka."

Na ce, "To ɗauki wannan. In zan sayi akuya, wadda ta taɓa haihuwa nake saya. Waccan ba wanda ya san halinta, har mai sayar da ita."

Ta juya masa. Ya dafa ƙirji ya ce wai in ina neman aiki yana da gurbi. Aka cike takardu, aka yi binciken da ake yi wa mai saye, muka dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta yi wani abu.

Satin farko ta je ta gwada, ta dawo tana rawa a kicin. Bindigar ba ta cije ba ko sau ɗaya. Sannan ganye ya zube, sanyi ya shigo, ranar gasa ta matso.

Ana gobe gasa, da rana, iyayenta suna wurin aiki, ta shimfiɗa tsohon tawul a teburin cin abinci, ta warware bindigar gunduwa-gunduwa. Ban taɓa sanin bindiga tana da hanji ba sai ranar. Ga sifirin, ga wani ɗan ƙarfe kamar zobe, ga wani mai zamewa gaba da baya. Ta goge su tas, ta ɗiga musu wani mai daga 'yar kwalba, ɗigo biyu, ɗigo uku, kamar mai sa maganin ido. Sai lokacin darasinta na kwamfuta ya yi, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na zauna ina kallon ƙarafan nan. Ɗigo uku, ga abin da zai yi aiki yini guda. Tausayinsu ya kama ni. Na tashi na ɗauko man kaɗena, na gaske, wanda wata 'yar majami'armu ta kawo mini daga gida. Na murza a tafi har ya narke ya zama ruwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina yi mata addu'a a zuciyata. Gidan da ɗumi, hita tana aiki, man ya kwanta luf, ba ka ganin komai sai sheƙi. Ta fito ta harhaɗa abinta. Ban faɗa mata ba. Ba ɓoyewa na yi ba, wanda ya share tsakar gida ba ya shelar ya share.

Da safe na bi ta. Sanyin ranar irin mai shiga haƙori ne, ciyawa ta yi fari. Aka ba ni abin toshe kunne, na zauna a benci cikin riguna uku. Layi ya zo kanta. Ta yi kira a cilla, faranti biyu suka tashi, ta fasa na farko, na biyu ya wuce abinsa ya sauka lafiya. Na ga ta karkata bindigar tana ja da hannu. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Ta harba ɗaya, bindiga ta cije da kwanso a bakinta, kamar yaro ya ƙi haɗiye magani. Mutanen wurin masu kirki ne, ba wanda ya yi dariya, wani ma ya zo ya duba. Amma ni na san tafiyar ƙawata. Da ta juyo na san yadda aka ƙare.

A mota ba ta ce ni na zaɓa ba. Ni ma ban ce ba. Muka yi ta kallon titi.

Ubanta ya saurara har ta gama, ya ce, "Ki mayar wa wanda ya sayar miki ya duba. In ya ce lafiyarta lau, ki ƙara sau ɗaya. In ta sake, kin san abin da muka yi da ke."

Muka koma shagon. Tsohon ya karɓa, ya ajiye ta kusa da hita yana sallamar wasu, sannan ya shiga da ita ɗakin gwaji na baya. Muna jin ƙara, tau-tau, tau-tau, ba tsayawa. Ya fito yana sosa gemu. Wai bai ga laifinta ba. Ko harsashin ne? Ko ba ta manna ta sosai a kafaɗa ba? Ta ce harsashin da ta saba ne. Ya ce to a canza wani a gani, a kuma wanke ta da kyau.

A nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Abu ya yi aiki a hannun wannan, ya ƙi a hannun waccan. Na fara tunanin ko bindigar kewar maigidanta na farko take yi. Na yi tunanin ko bakin uban yarinyar ne, tunda zuciyarsa ba ta so. Har na yi tunanin ko hukunci ne a kaina, tsohuwa da ta je ta yi ta shinshine-shinshine a gaban mutane kamar ta sani. Kowane tunani na juya shi, ban da guda ɗaya. Abin da na tsayar a raina shi ne, man da na sa bai isa ba.

Saboda haka da gasa ta biyu ta zo, ta sake shimfiɗa tawul, ta wanke komai da wani ruwa mai warin kananzir, ta shiga wanka, ni kuma na tashi. Wannan karon ban yi rowa ba. Har cikin ramin da zoben nan yake zama na tura da ɗan tsinke da auduga.

Ranar ta fi ta farko sanyi. Bindigar ba ta ma jira an yi nisa ba. Harbi ɗaya, ta tsaya. Ƙawata ta ja ƙarfen da hannu, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Ta gwada sau huɗu, sannan ta buɗe ta, ta cire harsashi, ta ɗaga wa alƙalin gasar hannu alamar ta janye. Ta tafi bayan rumfa ta tsaya ita kaɗai, ta ba mu baya.

Ni kuma ina benci, hannuna ya bushe har ya fara tsagewa. Na laluba aljihun babbar rigata, na ciro ɗan gwangwanin da nake zuba man kaɗe in zan fita. Na buɗe, na sa yatsa. Yatsa ya ƙi shiga. Na danna da farce, sai ya ɓalle kamar sabulu. Na zauna ina kallonsa. Na kalli bindigar a jingine a ma'ajinta, cikin sanyin nan ɗaya da ni. Na sake kallon gwangwanin.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Bindigar Baba ba ta da hanji, kuma ba ta taɓa ganin ciyawa ta yi fari ba.

Muka iso gida ɗana yana nan, ranar hutunsa ce. Ya dubi fuskar 'yarsa, bai tambaya ba. Ita ce ta fara magana, da Hausa tsantsa, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Baba, na yi alkawari. Ranar Litinin zan mayar."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Shekara nawa ina neman in ga yaron nan ya huta da wani abu. In na yi shiru, bindiga ta bar gidansa, ya yi barci, ba kuma wanda zai taɓa sani. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a ƙafa, ban san wanne ne alheri a cikin biyun ba. Har yanzu wani lokaci ban sani ba.

Na ciro gwangwanin na ajiye a tebur. Na ce, "Bindigar nan ba ta ba kowa kunya ba. Ni ce."

Na faɗa musu duka, na farko da na biyu, har tsinke da auduga. Ƙawata ta ɗauko bindigar ta warware a gabanmu, ƙarfen bai gama sakin sanyin waje ba. Ta sa farce a cikin ramin, ta kankaro fari-fari. Ta shinshina.

Ta ce, "Kaka! Kin shafa mata mai kamar jaririya?"

"Ƙishi take ji."

"Sau biyu?"

"Na farkon na ga kamar bai isa ba."

Ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ban san kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Ɗana bai yi dariya ba. Ya ɗauki gwangwanin yana juya shi a hannu. Ya ce, "Mama, kin san da kin yi shiru da maganar ta ƙare."

Na ce, "Na sani."

"Kin san abin da nake so ke nan."

"Na sani. Amma kai ka ce in bindiga ta ba ta kunya. Ba ka ce in uwarka ta ba ta ba."

Ya ajiye gwangwanin, ya dubi 'yarsa ya ce, "Ki kai wa mutumin ya wanke ta, ki faɗa masa gaskiyar abin da ke ciki. Waɗannan biyun ban ƙirga su ba." Ya juyo wurina. "Ke kuma Mama, don Allah, in an shimfiɗa tawul ɗin nan, ki shiga ɗaki."

Na ce na ji.

An wanke ta. Tsohon ya aiko a gaishe ni, wai ya janye maganar aiki. Gasa ta gaba ta faɗo a ranar da motar ƙawata take wurin gyara, ta rasa mai kai ta. Tana cikin kiran ƙawayenta a waya sai ubanta ya fito da makulli a hannu, bai dubi kowa ba, ya ce mu tafi. Da muka isa bai shiga ba. Ya yi fakin a can ƙarshe, ya ɗaga gilasai, ya kunna rediyo. Ni na rasa inda zan zauna, wurinta ko wurinsa. Na tsaya a tsakani, jikin shinge, inda nake hango hularta daga nesa, ina kuma hango ƙeyarsa ta gilashi. Daga filin ina jin harbi bibbiyu, ba cijewa. Ko nata ne ko na wani, ban iya bambancewa ba. Can sai na ga gilashin motar ya sauka kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu. Ya kira ni, ya ce, "Mama, ita ce ke harbin nan?"

Na ce, "Ban sani ba. Fito mu duba."

Ya ce a'a, daga nan ma ya isa. Amma bai mayar da gilashin ba.